Fitilar Daji: Daga Kasuwar Sabon Gari zuwa Wikki

Daga Kano zuwa Yankari tafiyar yini guda ce ga wanda ya yi sammako. A bi ta Wudil, Birnin Kudu da Ningi a faɗa Bauchi, kusan kilomita 300, sannan a ɗauki hanyar Gombe har Dindima, a karya dama a nufi Mainamaji inda ƙofar gandun dajin take. Mun tsara cewa daren farko a tanti za mu yi shi, a gonar wani dattijo da ke wajen ƙofa, washegari mu shiga sansanin Wikki. Lokacin hunturu ne, an gama girbi. Da aka raba aiki, kayan haske suka faɗo kaina tunda gyaran kayan lantarki ne sana'ata, kuma kuɗin da aka ware ba mai yawa ba ne. Sharaɗi ɗaya abokan tafiya suka gindaya: duk fitilar da za a saya ta zama wadda za ta ci gaba da amfani a gida ranar da aka ɗauke wuta.

Saboda haka tafiyar ta fara ne daga layin masu kayan wuta a kasuwar Sabon Gari. Duk shagon da ka tsaya, abu ɗaya mai shago zai yi. Zai zaro fitila daga kwali, ya kunna ta a kan mafi ƙarfin haskenta, ya dalle maka ido da ita. "Alhaji, ka ga wannan? Lumen dubu biyar ce, kwana uku take yi ba caji." Ni kuma amsata ɗaya ce: "Malam, ara mini sukundireba in ga cikinta." Wanda ya yarda da kayansa yana miƙo maka, wanda bai yarda ba sai ya ce kwalin ba ya buɗuwa sai an biya.

Lumen shi ne ma'aunin yawan hasken da fitila ke fitarwa. Kyandir ɗaya yana ba da wajen 12. Fitilar ƙwai ta kananzir, idan gilashinta a goge yake, tana kaiwa 30 zuwa 40. Tsohon ƙwan lantarki mai wat 60 yana ba da kusan 800. Da wannan a kai, mutum zai gane cewa cikin tanti lumen 20 zuwa 40 sun isa a nemi kaya a yi shimfiɗa, wurin girki da cin abinci na mutum biyar ko shida yana son 100 zuwa 200, ɗakin zama kuma 200 zuwa 300 sun wadatar har yaro ya yi karatu. Abin da ya haura haka ado ne, kuma batir ne ke biyan kuɗinsa.

Lissafin ba shi da wuya. Ƙwan LED na fitilu masu araha yana ba da kimanin lumen 100 a kan kowane wat ɗaya, wani lokaci ƙasa da haka idan murfin robar ya shanye wani kaso. Abin da batir ke ɗauke da shi kuma ana gane shi ne ta ninka bolt ɗinsa da adadin mAh da aka rubuta a jikinsa, wato ma'aunin yawan cajin da yake riƙewa, a raba da dubu. Batirin litiyam mai bolt 3.7 da mAh 2,600 zai iya ba da wat ɗaya na tsawon awa 9 da ɗoriya. Wato lumen 100 na awa 9, ko lumen 30 na fiye da yini da kwana. Lumen 5,000 da mai shago ya faɗa na buƙatar wat 50, wanda zai tsotse wannan batirin cikin minti 11 ko 12, kuma kafin nan zafi ya narkar da robar jikin fitilar. Ba sai an yi musu da kowa ba, alƙaluman sun isa. Har a fitilun kamfanoni masu suna akwai wata dabara da ya kamata a sani: ƙa'idar gwaji ta Amurka mai suna FL1, wadda aka fitar a 2009, tana ƙirga tsawon aikin fitila har zuwa lokacin da haskenta ya ragu zuwa kashi 10 cikin 100 na farkonsa. Idan kwali ya ce awa 40, ba awa 40 na hasken da ka gani a shago ake nufi ba.

Sayen fitila kamar sayen doki ne, kuɗin saye sau ɗaya ake biya, harawa kuwa kullum. Don haka tambayar farko ita ce me take ci, kuma a ina za a samo shi ranar da aka shiga matsi.

Wadda ta fi cika kasuwa ita ce fitilar caji mai ƙafafu biyu da ake zarowa daga gindinta a soka a soket. Nauyinta na ruɗar mutane su ɗauka ƙarko ne. Nauyin na batirin dalma ne, ɗan baƙin akwati mai bolt 4, manyan kuma mai bolt 6. Da na buɗe ɗaya a kan teburin mai shagon, abin da ke cikin cajarta bai wuce ƙananan sassan lantarki ba: kafasita ɗaya, dayod huɗu da resista biyu. Babu abin da ke yanke caji idan batir ya cika, saboda haka wanda ya bar ta a soket kwana da kwanaki dafa batirin yake yi, ruwan cikinsa ya bushe. Babu kuma abin da ke kare ta idan aka kawo wuta da ƙarfi fiye da kima. Sannan idan batirin ya fara mutuwa aka kunna ta tana jikin soket, wutar kan wuce kai tsaye ta ƙone ƙwayayen gaba ɗaya. Ga wanda ke da wuta kullum kuma yake kula da agogo, tana yin aikinta na wani lokaci. Ga daji kuwa, ko ga yankewar wuta mai tsawo, na mayar da ita kwalinta.

Sai 'yan ƙananan nan da ake jan kansu sama su kunnu, a danna su ƙasa su mutu. Batir ɗan yatsa uku suke ci, wato AA, wasu kuma na rimot, AAA. Wanda zai saya ya guji mai AAA: kuɗin batirin kusan ɗaya ne da na AA, abin da ke cikinsa kuwa bai kai rabi ba. Na ɗauki ɗaya mai AA don a gwada, saboda arha ce ƙwarai kuma ba ta da makunnin da ƙura za ta toshe. Sai babba mai cin batirin rediyo uku, babban batir da ake rubuta wa D ko R20, mai matakan haske uku. Ita ce ta fi nauyi a jaka, ita ce kuma na fi natsuwa da ita.

Inda na fi daɗewa shi ne wurin masu batirin litiyam da ake caji da igiyar USB. A nan ne alheri yake, a nan ne kuma zamba ta fi yawa. Batirin da ake nema shi ne 18650, sunan ma girmansa ne: kauri milimita 18, tsawo 65. Na gaskiya, ko daga manyan kamfanoni, ba ya wuce mAh 3,500 ko ɗan sama kaɗan. Duk wanda aka rubuta wa 6,800 ko 9,900 ƙarya ce tsagwaronta. Sikeli yana tona asiri: na kirki yana kai giram 45 zuwa 48, na bogi sau da yawa ba ya wuce 30, domin cikinsa ɗan ƙaramin batir ne aka cike sauran gurbin. Na nemi fitilar da batirinta ke fita ta murfi, ba wadda aka lanƙaya shi da dalma a ciki ba, saboda batirin litiyam yana tsufa ko ana amfani da shi ko ba a yi, kuma ranar da ya gaji ana so a zare shi a sa wani, ba a jefar da fitila ba. Na kuma gwada ramin cajin a nan take. Da yawa daga masu araha suna da rami irin na USB-C amma ba su karɓar caji da igiyar da kanta biyu duk C ne, saboda an tsallake wasu 'yan resista biyu a ciki. Sai da igiya mai babban kai irin ta da. Gara a gano haka a shago da a gano shi a Mainamaji.

Gwaji biyu na ƙarshe ba su cin minti ɗaya. A sa fitilar a mafi ƙanƙantar haske a duba ta ta kyamarar waya; idan layuka baƙaƙe na gudu a fuskar wayar, hasken yana ƙiftawa da sauri, kuma wasu mutane yana sa musu ciwon kai idan sun daɗe a ƙarƙashinsa. Sannan a girgiza ta tana kunne. Idan ta ɗauke ta dawo, sifirin ɗin da ke riƙe batir ba shi da ƙarfi, kuma hanya mai gargada za ta ƙarasa shi. Na haɗa da tocilar goshi guda, muka yi ciniki, mai shagon ya ce, "Alhaji, ka wahalar da ni, amma Allah ya sa albarka."

Kafin a loda kaya na zare duk batiran daga fitilun. Dalili biyu ne. Makunni na iya dannuwa a cikin jaka, fitila ta yi ta ci tun daga Wudil ba wanda ya sani. Kuma fitilun da ke da makunni mai laushi, irin wanda ake dannawa ya canza mataki, suna shan wuta kaɗan-kaɗan ko a kashe suke. Cikin 'yan watanni sai a tarar batir ya ƙare ba a taɓa kunnawa ba. Batiran litiyam na naɗe kawunansu da salatif na sa su a akwatin roba. Wanda ya jefa 18650 tsirara a aljihu tare da makulli ko tsabar ƙarfe yana neman ƙuna, domin idan ƙarfe ya haɗa kai da gindi wutar da ke fita tana iya sa shi ya yi ja. Ba a kuma ajiye shi a gaban mota ƙarƙashin gilashi. Ko a hunturu, ranar tsakar rana a hanyar Birnin Kudu ta isa ta gasa shi. Ƙarƙashin kujera ya fi.

A Ningi muka tsaya sallar azahar, na zaga 'yan tireda na bakin hanya. Kowane tebur akwai babban batirin rediyo da ɗan yatsa, galibi mai kan damisa, Tiger Head. Ba wanda ke da 18650. Haka abin yake a kusan kowane ƙauye, saboda rediyo da tocila sun riga kowace fitilar zamani shiga karkara. Wannan shi ne babban dalilin riƙe fitila mai cin D ko AA: abincinta yana nan ko'ina.

Sai dai batiran iri biyu ne, kuma harafi ɗaya ne ke raba su. Wanda aka rubuta wa R20, R6 ko R03 na gama-gari ne, mai kwanon tutiya da sandar gawayi a tsakiya. Wanda aka rubuta wa LR20, LR6 ko LR03 alkalin ne. Ɗan yatsa na alkalin yana ɗauke da mAh 2,000 zuwa 2,800, na gama-gari kuwa da ƙyar yake kai 1,000, kuma ya fi saurin durƙushewa idan fitila na jan wuta da ƙarfi. A hannu ma ana ji: na alkalin wajen giram 23 ne, ɗayan ya fi shi sauƙi sosai. Kalmar nan ta Turanci, Heavy Duty, da ake bugawa da manyan haruffa mai nuna wai batirin na aiki mai nauyi ne, a kan na gama-gari ake buga ta, kada ta ruɗi kowa. A Bauchi na sayi na alkalin, na duba ranar ƙarewar wa'adi a gindin kowanne, domin batirin da ya shekara a rana a kan tebur ya riga ya yi asarar wani kaso. Ga babban batir, bambancin farashi yana da yawa, kuma a ƙaramin haske na gama-gari ma yana jan dare da dama. A nan arha ba laifi ba ce, muddin ba za a bar shi ya kwana watanni a cikin fitila ba.

Mun haye gadar kogin Gongola a Dindima da la'asar sakaliya, muka isa gonar ana kiran magariba. Mai gonar ya tarbe mu da ruwa da tabarmi, ya nuna mana fili mai tsabta nesa da tarin karan dawa. Da ya ga ina jera fitilu sai ya aika yaro ya ɗauko tasa. "Ɗana, duba mini wannan. Da damina na saya, yanzu ko an kai ta caji ba ta kai sallar isha."

Irin mai ƙafafu biyun nan ce. Na kwance kusoshi huɗu na gindinta a ƙarƙashin hasken tocilar goshi. Gefen baƙin akwatin ya ɗan kumbura, farin gari ya taru a kan ƙafar jan waya, kuma da na ɗora mitar auna wuta sai ta nuna bolt ɗaya da 'yan kai a batirin da ya kamata ya nuna sama da 4. Na tambaye shi, "Baba, idan ta mutu kwana nawa take yi kafin a kai ta caji?" Ya ce sai ranar kasuwa, wani lokaci sai kasuwa ta zagayo sau biyu. Ciwon ke nan. Batirin dalma ba ya jure zama babu caji; idan aka bar shi a ƙasa, wani farin gishiri yana daskarewa a kan farantan cikinsa, kuma da zarar ya yi tauri caji ba ya narkar da shi. Kowane zama irin wannan yana rage masa ciki, har ya koma yana cika cikin minti kaɗan yana ƙarewa cikin minti kaɗan. Fitilar da aka yi don gidan da ke da soket ce aka sayar wa mutumin da soket mafi kusa da shi ke wurin mai cajin waya a kasuwa.

Wurin rataye fitila yana da muhimmanci kusan kamar fitilar kanta. Idan aka ajiye ta a ƙasa, kowane dutse da kowace jaka sai ta yi doguwar inuwa, kuma cikin inuwar nan kunama ke laɓewa. Idan aka sa ta daidai ido, tana kashe wa kowa gani, a kasa ganin abin da ke bayanta. Mun kafa gora muka rataye babbar sama da kai, wajen mita 2, a matakin tsakiya, sai hasken ya sauko ya rufe tabarmi da murhu. Fitilar da ke da ƙugiya a gindi, wadda za a iya rataye ta kai ƙasa, ta fi a nan, domin gindinta ba ya tare hasken. Murfi mai duhu-duhu kamar madara ya fi mai garau kyau ga ido, ko da yake yana rage haske kaɗan.

Launin haske ma ba ado ba ne. Fari mai shuɗi-shuɗi, wanda ake rubuta wa 6,000K ko 6,500K, shi ƙwari suka fi bi. Mai ruwan ɗorawa, 2,700K zuwa 3,000K, bai cika tara su ba. Da hunturu ƙwari sun yi sauƙi, amma duk da haka 'yar ƙaramar mai farin haske da muka ajiye can nesa, wajen taku goma sha biyar, ta tattara abin da ke akwai, mu kuma muka ci tuwo lafiya a ƙarƙashin mai ruwan ɗorawa. Da damina wannan dabarar ita ce bambanci tsakanin cin abinci da cin ƙwari.

Akwai abin da fitilar rataye ba ta yi, kuma a wannan yankin ba abin wasa ba ne. Ƙasar Bauchi ta kudu da Gombe gidan kububuwa ce, macijin da ake wa laƙabi da gobe da nisa. Asibitin masu saran maciji na Kaltungo ba banza aka kafa shi a can ba. Da dare take yawo, launinta na ƙasa ne, kuma tarin kara da ɓeraye ke shiga yana jawo ta. Fitilar rataye tana watsa haske ko'ina amma ba ta jefa shi nesa, kuma idan ka riƙe ta a hannu kana tafiya rabin hasken idonka yake duka. Duk mai fita bayan gari da dare tocila zai riƙe, ya haska taku uku zuwa biyar a gabansa, da takalmi rufaffe. Tocilar goshi ta fi, don hannu biyu suna sake. Idan kuma fitila ta lalace, a ɗaura tocilar a jikin galan fari mai ruwa, fuskarta na kallon ciki, sai galan ɗin ya koma fitila mai laushin haske da ya isa tanti. Kyandir da fitilar kananzir kuwa ba su shiga tanti ko kusa da gidan sauro, saboda gobara da kuma hayaƙin da ke kashe mutum cikin barci a rufaffen wuri.

Dare ya nuna halin kowacce. 'Yar ƙaramar mai AA ta fara da ƙarfi har tana kashe ido, kafin a gama hira ta ragu sosai, zuwa tsakar dare ta koma kamar kyandir, amma ba ta mutu ba har asuba. Haka fitilar da ba ta da da'irar daidaita wuta take: resista ce kawai tsakanin batir da ƙwai, hasken na bin ƙarfin batir yana sauka. Aibinta shi ne ba ta da ƙaramin mataki, dole ta ƙone mafi kyawun batirinta a awannin farko ko ba a buƙata. Mai litiyam ta riƙe haskenta daram a matakin tsakiya, ba ragi, sai gab da asuba ta ƙifta sau biyu ta ɗauke ɗif, domin da'irar kariya ta yanke don kada batir ya zube ƙasa da kima. Wannan yana da kyau ga batir, amma mai irin wannan fitila ya riƙa duba 'yan ɗigon da ke nuna saura, kuma ya ajiye batir na biyu a cike. Babbar mai D, wadda aka mayar ƙaramin mataki bayan an kwanta, da safe haskenta na nan yadda yake. Babban batirin alkalin ɗaya yana ɗauke da abin da ya kai na 'yan yatsa biyar ko shida, don haka uku a ƙaramin haske suna iya jan makonni ana kunnawa kowane dare. Sanyin asuba ya ɗan rage wa na gama-gari kuzari, amma da rana ta fito suka farfaɗo. A ƙasarmu zafi ne ke kashe batir, sanyi sumar da shi kawai yake yi.

Daga ƙofar Mainamaji zuwa Wikki tafiyar kilomita 40 da 'yan kai ce cikin daji. An keɓe Yankari a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, ya zama gandun tarayya a 1991, sannan ya koma hannun jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Mun ga gwanki da gwambaza a hanya, a sansanin kuma gadu na kiwo tsakanin ɗakuna ba ruwansu da kowa. Ruwan Wikki yana fitowa daga ƙarƙashin dutse da ɗuminsa, digiri 31 dare da rana, rani da damina, garau har kana ganin yashin ƙasa. A bakinsa ne maganar ruwa ta taso, da wani cikinmu ya so ya sauka da fitila da almuru. Alamar IPX4 a jikin fitila na nufin ta jure fantsama da yayyafi kawai. IPX7 ce ke jure nutsewa, mita ɗaya na minti 30. Wadda ba a rubuta mata komai ba, a ɗauka ba ta jure komai. Abin da ake dubawa da ido shi ne zoben roba a murfin batir da marfin roba a kan ramin USB. Su ne kuma ke hana ƙurar hunturu shiga, wadda ke sa makunni ya riƙa ƙin kamawa. Idan fitila ta faɗa ruwa, a zare batir nan take, a buɗe ta, a shanya a inuwa yini biyu kafin a gwada. Kunna ta a jiƙe shi ke kashe ta.

A Wikki ba a barin komai a waje, domin gwaggon biri ya ɗauki duk abin da ke kan tebur ko bakin taga a matsayin rabonsa, kuma ya iya buɗe jaka. Wannan ya kawo mu ga fitilun da ke da ɗan faifan sola a ka. Faifan da bai wuce tafin hannun yaro ba yana ba da abin da bai kai rabin wat ba a rana tsaka. Cika batirin 18650 ɗaya da shi sai an haɗa kwanaki da dama, hazon hunturu da ƙurar da ke kwanciya a kansa kuma su ƙara ja. Mafi muni, don a caja ta dole a ajiye fitilar dungurungum a rana, batirin na gasuwa a ciki, alhali litiyam ba a son a caja shi a zafin da ya haura digiri 45. Mai son sola ya sayi faifai daban mai wat 5 da doguwar waya da ramin USB: faifai a rana, fitila a inuwa, cikin rabin yini ta cika. Haka ma alƙawarin cajin waya daga fitila. Batirin wayoyin yanzu yakan kai mAh 5,000, fitila mai 2,000 ko rabinsa ba za ta cika ba, kuma a ƙarshe an rasa hasken. Ya isa a yi kira ɗaya na gaggawa, shi ke nan.

Mun leƙa kogunan Marshall, ɗakunan da mutanen da suka sassaƙa a jikin dutsen yashi, masu ƙananan ƙofofi. Nan ma tocilar goshi ce ta yi aiki, fitilun rataye suna mota.

A hanyar dawowa aka yi ta muhawara kan wadda za a ajiye a gida idan kuɗin ɗaya kawai ake da shi. Na tuna musu ƙarshen Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan wuta da ke ciyar da Arewa suka samu matsala, jihohi da dama suka yi fiye da mako guda cikin duhu. A irin wannan hali duk fitilar da soket kaɗai ta sani ta zama kwalliya tun dare na biyu, kuma layi a wurin masu caji da janareta ya yi tsawo. Ra'ayina shi ne mai cin babban batir, mai ƙaramin mataki na gaske, ita ce ta gaggawa. Mai 18650 da ake zarewa ita ce ta yau da kullum, domin batir ɗaya yana karɓar caji ɗaruruwan sau kuma a kan lokaci ta fi kowacce arha. Akwai masu karɓar duka biyu, litiyam da AA. Idan an samu mai kyau a farashi mai sauƙi, a ɗauka.

Ajiya ce ke kashe yawancin fitilun gaggawa. Ba a barin batir a ciki. A sa shi a leda a ɗaure a jikin maratayin fitilar don kada a yi ta lalube cikin duhu. Ba a haɗa sabo da tsoho, ko alkalin da na gama-gari, domin mai ƙarfi yana tura wuta ta baya cikin mai rauni har ya fashe ya zubar. Idan alkalin ya zubar ya bar farin gari a sifirin, a goge da auduga da ɗan ruwan lemun tsami ko binega, a bushe, a kankare tsatsar da takardar yashi. Idan na gama-gari ne ya zubar, ruwan hodar baking soda ake sa wa. Litiyam da za a daɗe ba a taɓa ba a bar shi da kusan rabin caji a wuri mai sanyi, wanda ke jiran gaggawa kuma a duba shi duk wata uku.

Fitilar dattijon na taho da ita Kano, domin irinta tana gyaruwa da kuɗi kaɗan. Ana cire batirin dalma da duk da'irar cajin soket, har da ƙafafun, kada wani ya manta ya soka ta a wuta. Ƙwayayen da aka yi wa bolt 4 suna aiki lafiya da litiyam, wanda ke tsakanin 3.7 da 4.2. Sai a sa gidan batir na 18650 da ɗan allon caji TP4056, irin mai kariya, wanda ke da ƙafafu huɗu a gefen fita: biyu na batir, biyu na fitila. Yana caji da amfiya ɗaya, ya yanke da kansa a bolt 4.2, ya kuma yanke idan batir ya yi ƙasa sosai. A huda rami a gefe daidai bakin USB, a liƙe allon da gam. Batirin ana iya samun sa daga tsohon batirin laftof, inda galibi shida suke a jere, sai dai a auna kowanne: wanda ya nuna ƙasa da bolt 2, ko ya yi tsatsa, ko ya ɗau zafi lokacin caji, ba a amfani da shi. Wanda ya cika ya kwana bakwai a ajiye bai sauka ƙasa da 4.1 ba, shi ake sawa. Da direban da ke bin hanyar Alkaleri aka mayar masa da ita, tare da faifan sola mai wat 5 da waya mai tsawon mita 3.